Takardar Rijiyarmu Ta Shiga Aljihun Mai Girma

Jama'a, yau kwana uku rigata mai aiki tana warin hayaƙi. An wanke ta sau biyu, maiɗakina Sharifa ta ce ko in kai ta gareji ko in bi ta can mu kwana tare. Gashin hannuna na dama kuwa ya babbake tas. Duk wannan saboda na je cin gasasshen naman Japanawa da wani babban mutum daga gida, kuma wallahi ko yanka uku ban ci ba.

Ranar Alhamis ina bakin aiki a ƙofar siton da nake gadi a Laurel, nan Amurka, sai Injiniya Zulkifilu na Manassas ya kira ni. Ya ce Mai Girma Uban Alkawari ya sauka a Washington, ya zo taron kwana goma kan tattalin dukiyar jama'a. Mutum goma sha huɗu suka taso daga gida don koyon tattali, har da mai riƙe masa waya. 'Yan ƙungiyarmu ta mutanen gida mazauna nan za su karrama shi da abincin rana ranar Asabar.

Ni kuwa ina da buƙata. Ƙauyenmu ba ruwa. Zaɓe uku ana yi mana alkawarin rijiyar burtsatse. An kafa allo, an ɗauki hoto, yanzu awaki ke sosa jiki da allon. Inna ta haura saba'in, amma ranar da ba mai zuwa mata rafi ita ke ɗaukar tulu. Mai unguwa ya sa aka rubuta koke shafi biyu, tsofaffi arba'in da biyu suka dangwala yatsa, aka aiko mini ta hannun wani matafiyi. Sun ce tunda a gida ba a ganin Mai Girma sai ta baƙin gilashin mota, wataƙila a Amurka a same shi yana taka ƙasa.

Maƙwabcina Mumin, mutumin Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, ya san irin gidan abincin. Ya ce wai ka ci iya cikinka, amma da sharuɗɗa: da kanka za ka gasa, minti casa'in ake ba ka, ba a barin ragowa, ba a fita da komai. Na ce masa, Mumin, ai dokoki huɗu ke nan, kuma ban taɓa ganin manyanmu sun bi ko ɗaya ba. Ya ce to in saka rigar da ba na so. Ban ji maganarsa ba.

Zulkifilu ya sha wuya kafin ya samo gidan da naman halal ne. Teburi ne da rami a tsakiya, wuta a ciki, raga a kai. Ƙarfe ɗaya muka zauna, Olive mai kawo abinci ta danna agogonta. Mai Girma ya iso ɗaya da rabi, wato a tsarin gida ya yi sammako. Gaisuwa ta ci minti goma. Auwalu, babban na hannun damansa, ya miƙe ya jero sarautun ubangidansa tun daga na gargajiya har waɗanda ƙungiyoyin ɗalibai suka ba shi. Sannan Mai Girma ya yi mana nasiha a kan illar almubazzaranci, muka tafa. Da aka faɗa masa naman nan ba shi da iyaka, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari, ya ce a kawo kowane iri, faranti uku-uku.

Nama ya zo ɗanye, an yanka shi siriri kamar ganye. Mai Girma ya dubi faranti, ya dubi wuta, ya dubi bayan Olive.

"Ina mai tsiren?"

Likitoci da injiniyoyi suka sunkuyar da kai. Amma shugabanci baiwa ce, jama'a, nan take ya warware matsalar: ya kafa kwamiti. Zulkifilu shugaba, Auwalu sakatare, ni kuma mamba mai aiwatarwa. Haka na naɗe hannun riga na kama awartaki. Naman nan ba ya jira, kana ƙifta ido ya ƙone, kitse ya ɗiga, wuta ta tashi ta lashe maka hannu. Shugaban kwamiti yana ba da shawara daga nesa, sakatare ya zaro ƙullin yajin ƙuli daga aljihu yana barbaɗa wa Mai Girma shi kaɗai.

A tsakanin juyi da juyi na samu sarari. Na goge hannu, na durƙusa, na miƙa takardar da hannu biyu, na ce ranka ya daɗe, saƙon iyaye ne daga gida. Ya karɓa da yatsu biyu, ya ce za a duba, ya miƙa wa Auwalu, shi kuma ya ajiye ta gefen faranti.

To ga inda aka kwana. A al'adarmu babba ba ya share kwano, ƙasƙanci ne. Kuma idan ya cire hannu, kowa ya cire. Mai Girma ya ci yanka shida ya yi hamdala, ya jingina. Kowa ya ajiye nasa, ga nama tuli a gabanmu. Olive ta zo da murmushinta ta ce saura minti takwas, kuma duk abin da ya rage akwai tara. Gumi ya karyo wa Zulkifilu. Mai Girma ya ce mu mutane ne masu mutunta dokar ƙasar da muka je, don haka ya ba da izini a taimaka. Sai ga likitocin da ke hana mu jan nama suna haɗiya ba tauna. Ni ina bakin wuta, ina gasa musu.

Duk da haka tsoka mafi kyau ta rage, wajen cikin tafi biyu. Mai Girma ya kalli Auwalu, kallo ɗaya. Olive na juya baya, Auwalu ya jawo takardar goge baki, ta yage. Ya sake jawo wata, ta yage. Sai hannunsa ya sauka kan kokenmu, takarda mai kauri, shafi biyu. Ya shimfiɗa, ya zuba nama, ya barbaɗa yaji, ya naɗe, ya murɗe bakin biyu da gwaninta irin ta mai tsiren bakin tasha.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar..."

Mai Girma ya ce, "Kada ka damu, Malam Dabo. Da kaina zan tafi da ita."

Ya karɓi ƙunshin daga hannun Auwalu, ya zura cikin aljihun babbar riga. Kafin ya shige na ga maiƙo ya ratso ta wajen dangwalen yatsu. Na gane na Inna, na uku daga sama, don babban yatsanta yana da tabon lauje. Raina ya ɓaci ƙwarai, har idona ya kawo ruwa, aka ɗauka hayaƙi ne. Olive ta dawo ta ga faranti fes, ta yaba mana, Mai Girma ya ce ai tarbiyya ce.

Ranar Lahadi da hantsi na kira Inna. Ta tambaya ko na ba Mai Girma takardar, na ce na ba shi. Ta ce ya karɓa? Na ce da hannunsa ya sa a aljihu, kuma na tabbata zai buɗe ta. Ban yi mata ƙarya ba ko kalma ɗaya. Ta yi ta sa masa albarka, ta sa mini, sannan ta ce bari ta katse, can gida rana ta karkata, za ta leƙa rafi kafin magariba.

Mumin ya ce in daina ƙorafi, wai a tarihin ƙauyenmu ba takardar da wani babba ya taɓa ɗokin buɗewa sai wannan. Ku masu shirin rubuta koke, shawarata ita ce ku nemi takarda mai kauri. Manya suna da amfani da ita.