Mai Girma Yana Ƙara Yarinta

Jiya na wuni a kan benci a ƙofar wani biro, wato ofishin gwamnati, a Tanut, wanda ba zan kama sunansa ba don ina son tsufana. Na rako Fa'iza ne, 'yar yayana Attahir. Ta ci jarrabawar ɗaukar malaman lissafi, ga aji can a Gangara shekara biyu babu malami, sai aka dawo mata da dosiye, wato takardun neman aikin, wai ta wuce shekaru. Doka ta ce talatin da biyar, takardarta ta ce talatin da shida.

Wanda bai san Damargu ba zai ce ai takarda ba ta ƙarya. Mu nan duk ranar ɗaya ga Janairu aka haife mu, kamar iyayenmu mata sun haɗa baki. Lokacin da mai rubuta sunayen 'yan lakkol, wato makarantar boko, ya zo garinmu, jera yara ya yi, ya ce kowa ya ɗora hannu bisa ka ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Fa'iza doguwa ce, ta kamo kunne har ta wuce, mutumin ya yi mata kyautar shekara uku. Kyautar ce yau ta zame mata alaƙaƙai.

Da zaman ya ishe mu, sai ta juya bayan dosiyen ta ce, "Baffa, kawo in koya maka abin da za a hana ni koyarwa. Uba ya girmi 'yarsa da shekara ashirin da huɗu. Bayan shekara shida zai ninka ta sau uku. Shekarunta nawa?"

Na ce a tambayi uwar yarinyar mana.

Ta ce, "Abin da ba ka sani ba, ka sa masa suna x. 'Yar tana da x, uban yana da x da ashirin da huɗu. Ƙara wa kowa shida: ita x da shida, shi x da talatin. Nasa daidai yake da nata sau uku, wato x uku da goma sha takwas. Cire x guda da goma sha takwas ta kowane ɓangare, saura x biyu daidai da goma sha biyu."

Na ƙirga da yatsu, yarinya shida, uba talatin. Wallahi na ji daɗi, rabona da cin lissafi tun ina da gashi. Ta ce sirrin ɗaya ne: tazarar da ke tsakanin mutum biyu ba ta motsi, ko sun shekara ɗari.

A nan ne na ce mata boko ya ruɗe ta. Mai Girma Uban Biro, wanda muke jira, rana ɗaya aka yi musu kaciya da Attahir, a bukka ɗaya suka yi jinya. Attahir yau sittin da biyar, goro ma sai an daka masa. Shi kuwa Ranka-ya-daɗe hamsin da biyu yake da su a takarda, bara yana da hamsin da uku. Babbar 'yarsa Tata tana da arba'in da ɗaya. Ke nan yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi mata suna, da rago da maroƙa. Irin wannan himma ai sai manya, shi ya sa har yau ranar ajiye aikinsa ta ƙi zuwa.

Hamidu mai shayi da ke gefenmu ya ce, "Malam, rage murya. Ana cin ƙasa, kai kana ƙirga loma."

Bayan la'asar aka shigar da mu. Mai Girma ya duba takardar, ya girgiza kai da tausayi. Fa'iza ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, talatin da uku gare ni. Akwai shaidu a gari, a gyara mini."

Ya shafa gemunsa, baƙi wuluk kamar gindin tukunya, ya ce, "'Yata, shekaru ba abin wasa ba ne. Allah ke ƙirga su, ba a taɓawa. Ki gaida mini da Baba Attahir."

Baba, jama'a. Raina ya ɓaci har na kasa yi masa godiya, Fa'iza ce ta yi a madadina.

A cikin motar komawa na so in ba ta dariya. Na ce tazararta da Mai Girma a takarda goma sha shida ce, ita tana hawa ɗaya, shi yana sauka ɗaya, to x biyu daidai da goma sha shida, bayan shekara takwas sun zama sa'o'in juna. Ta ce, "Daidai ne, Baffa, ka iya." Ba ta yi dariya ba, ta cusa dosiyen cikin jaka ta juya fuska wajen taga har muka iso.

Yaran Gangara dai bana ma babu mai koya musu lissafi. Na san hikimar manya ce, yaron da ya iya x wata rana zai tambayi shekarun wani.