Birkin da Zai Tsayar da Jumare

"A'a, bawana! Yau kuma kai ke jan keken, kamar ragon layya?"

Ubaidullah ne, yana tsaye a ƙofar shagon kekuna na Idrisa a unguwar Ƙurban ta Madina. Jumare ya share gumi. Taubasai ne, uwar Jumare ƙanwar baban Ubaidullah ce. Tun da likita ya ce sukari ya yi masa yawa, ko ya motsa jiki ko ya fara allura, Jumare ya sayi keken hawan dutse, kullum da safe yana can wajejen Jurf, a gefen gari. Jiya birkin roba ya ƙi kamawa a gangare, sai shingen wata gonar dabino ne ya tare shi.

"Birki na zo sauyawa," in ji Jumare. "Mai faifan ƙarfe, wanda ke aiki da mai."

"Ya shaikh, kai ai sai birkin tirela. Wane faifai zai tsayar da buhun gero biyu?"

"Laifi tudu ne. Yaushe rabonka da ganin yatsun ƙafarka?"

"Nawa tumbin na gado ne. Naka kuwa shinkafar walimar mutane ce. Sayi na waya, ya fi sauƙi."

"Araha ba ta ado. Na waya sai ka matse da hannu duka. Na mai yatsa ɗaya ya isa."

"Wanda kake suɗe kwano da shi? To in man ya tsiyaye fa?"

"Sai in matso daga wuyanka. Kai kaɗai ka ishi kekunan Madina."

Idrisa ya yi dariya har ya yar da sifana. Jumare bai taya shi ba, yana dai shafa sirdin keken.

"Sukarin ya fara sauka, Ubaidu. Ka ga yadda ciwon nan ya raba Innata da ƙafarta. Ni ina so in kai 'yata Sundus ɗakin mijinta da ƙafafuna biyu."

Ubaidullah ya kau da kai, ya gyara hirami.

"Halas, shi ke nan, ka ci ni. Idrisa, ɗaura masa na mai, gaba da baya, kyauta ce daga gare ni. Ni ma nemo min keke, gobe tare za mu fita."

"Madalla," in ji Jumare. "Amma nasa, Idrisa, a sa masa sirdin raƙumi."

Ubaidullah ya kai masa duka da hirami, yana dariya har da tari.