Ranar da Na Gyara wa Nasara Haruffansa

A ofishin aikin rijiyoyi da na yi a Tawa, ordinata, wato kwamfuta, ɗaya tal gare mu, ana lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Ni ne na kifar da kofin shayi, na farko mai kaurin nan, a kan kilabiyenta, wato allon haruffan da ake dannawa.

Ko gezau ban yi ba. Wanda ya taɓa gyara rediyon surukinsa ba ya tsoron allo. Na ɓamɓare maɓallan da cokali, na wanke su tas, na shanya a faifai. Wajen mayarwa ne na tuna sakacin Nasara: A kusa da Z, ba kai ba gindi. Sai na jera su yadda aka koya mana a lakwal, makarantar boko: A, B, C, D.

Madam Rabi, sakatariyarmu, ba ta duban allo in tana bugu, don haka wasiƙunta suka fito lafiya lau. Darakta kuwa da yatsa ɗaya yake farautar harafi. Ya zauna rubuta rahoton da Yamai ke jira, ya danna B, Z ta fito. Ya cire tabarau ya goge.

"Rabi, mi ya samu abin ga? Ya mance Faransanci?"

Ta dubi allon, ta dube ni. "A'a, Mushe Darakta. Aji ɗaya aka maida shi."

Tun ranar sunana Injiniya Abesede, wato A, B, C, D a bakin Faransanci. Bara a sunan jikata, da shi maroƙi ya kira ni.