Farar Zabuwarmu Ta Shiga Littafin Hukuma

Jama'a, yau da safe na yi gudun da rabona da irinsa tun ina saurayi. Takalmi ɗaya a ƙafa, ina bin motar hukuma ina roƙon a dawo mana da zabuwarmu. Motar dai ban kamo ta ba, tari na kamo, 'yan layinmu kuwa sun sha kallo.

Ga yadda abin ya faro. Kwanakin baya muna gasuwa a layin mai, sai ga wasu ma'aikata masu riga iri ɗaya suna bi mota-mota suna raba littafi. Mun zaci ban haƙuri aka rubuto mana. Ashe littafin gane tsuntsaye ne mai takarda mai sheƙi, wanda Kwamitin Kula da Masu Fiffike ya buga. A shafin farko hoton shugaban kwamitin ne, Mai Girma Uban Almakashi, wanda ba a taɓa ɗaura ƙyalle a garin nan ya kwana bai yanke shi ba. A shafi na biyu ma shi ne, ya ɗan juya gefe. Sai da na yi nisa kafin na gamu da mai fiffike na farko.

Littafin fa ya shiga raina. Ni da maƙwabcina mai aski muka koma masana. Kullum muna kan bencinsa, wuya a sama, muna gardama ko wancan hasbiya ce ko kurciya ce ta ƙoshi. Har ya taɓa barin wani bawan Allah da rabin kai a aske, ya bi shirwa zuwa bakin titi da aska a hannu.

Rannan na buɗo wani shafi mai suna Farar Gimbiyar Kurmi. An rubuta cewa irinta sun kusa ƙarewa a duniya, ba ta zama sai a dajin da ƙafar ɗan Adam ba ta taka ba, kuma masanan kwamitin sun sha yunwa da cizon sauro kafin su samu hotonta. Na kai wa uwar yarana ta gani. Ta goge hannu, ta matso da littafin kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "wannan ai bahon wankina ne a bayanta."

Na duba. Shi ne kuwa, shuɗi, da tsagar da na ɗinke da waya. Gimbiyar kuma farar zabuwarmu ce, wadda ke tashe mu da kuka tun kafin zakara ya yi tunani. Sai uwar yara ta tuna wani mai kyamara da ya taɓa shigowa neman ruwan sha, ya ɗan jima a tsakar gida.

Murna ta kai ni shagon mai aski da labari, shagon kuma ya kai shi ko'ina. Shi ya sa da safen nan jami'ai suka yi sallama da keji a hannu. Babbansu ya buɗe littafi, ya dubi hoto, ya dubi zabuwa, ya ce ajiye wannan halitta a gida laifi ne babba, amma za a yi mana afuwa tunda yau ake bikin mayar da ita daji. Uwar yara ta yi masa bayani cewa ƙwan daga wajen marigayiya mahaifiyarta ya fito, kazarmu ce ta ƙyanƙyashe shi. Ya ce littafi bai faɗi haka ba. Na nuna masa bahon a hoto, na nuna masa bahon a ƙasa.

"Baba, baho ba ya ƙarƙashin kwamitinmu," in ji shi.

Da na dawo daga tseren da na yi da mota, na tarar da uwar yara zaune a bakin ƙofa, tsaba a tafin hannu, ko kallona ba ta yi ba. Na gwammace ta yi faɗa. Nan take na haye bayan babur ɗin mai aski muka nufi wajen biki.

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Don a samu wurin kafa rumfuna da ajiye motoci, an sassare itatuwan bayan gari tas, tsuntsayen wurin duk sun yi ƙaura. Mai Girma ya yi dogon jawabi a kan ƙaunarsa ga daji, ya yanke ƙyallen da aka ɗaure keji da shi, ya sa hannu ciki. Zabuwarmu ba ta san manya ba. Ta sakar masa kuka a kunne, ta make hularsa da fiffike, ta bi ta kan rumfar manyan baƙi ta ɓace. Aka yi ta tafi. Wata mai riƙe da lasifika har da share hawaye.

A hanyar dawowa mai ya ƙare mana, muka turo babur muna haki, ina ta shirya kalaman ta'aziyya. Ina shiga gida na ga Gimbiyar Kurmi tsaye a gaban uwar yara tana tsattsagar tsaba daga hannunta. Ta riga mu isowa, har ta sha ruwa. Uwar yara ta ɗago kai, ta ce in na sake kai zancen gidanta shagon aski, ni za a saka a kejin.

Da yamma rediyo ya sanar cewa kwamiti ya yi nasarar mayar da tsuntsuwar mazauninta na asali lafiya. Na daɗe ina sauraron sanarwar manya, amma wannan ce ta farko da zan iya rantsuwa a kanta.