Rasuwar Dogo, Tiyon Man Jirgina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsan da har yanzu ba ya jin taɓi, ni, Tuva Ekdahl, nake sanar da ƙungiyarmu ta masu ƙera jirgin sama da hannu, da duk wanda ya taɓa yi mini dariya, rasuwar ma'aunin man jirgina, wanda aka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, a sama, yana bakin aiki, saura kwana shida mu haye teku zuwa taron tsibirin Gotland da na daɗe ina buri.

Marigayin tiyon roba ne garai, tsawonsa kamu ɗaya. Ya taso daga gindin tanki, ya bi ta gefen gwiwata ta hagu ya miƙe. Inda mai ya tsaya a tanki, nan yake tsayawa a cikinsa. Ba shi da allura, ba ya neman batir, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Mutum ne mai kawaici. Iyakar maganarsa idan na karkata jirgi ita ce "ƙul, ƙul".

Shekara shida na yi ina ƙera jirgin nan a tsohon ɗakin shanun kakata. Na kankare katako har hannuna ya tsage, na kwana biyu ina ɗumama gam a cikin riga saboda sanyi. Dattawan ƙungiya suka riƙa leƙowa da kofin gahawa a hannu suna tambaya ko keji nake yi wa kaji. Da jirgi ya tashi, sai suka koma kan Dogo. Folke, mai ma'aunin lantarki mai fitilu kala uku, ya ce na ɗauko tiyon ban ruwan lambu. Wannan Folken ne ya sauka a gonar dankali bara, tankinsa ƙaf, allurarsa tana rantsuwa akwai rabi. Dankali kawai na aika masa ranar haihuwarsa.

Gunvald, tsohon da yake duba jiragenmu ya sa hannu kafin a bar mu mu tashi, shi ma bai so marigayin ba. Ya ce, "Injiniya, kin shigo da fetur ɗaki kin ba shi wuri a cinyarki. Ki sa masa abin rufewa, kuma duk shekara biyu ki jefar ki sa sabo." Na ce, "To, Gunvald." Ban yi ko ɗaya ba. Wa yake jefar da mai gaskiya?

Ciwon ya fara a hankali. Man gidan mai nake zuba wa jirgin, irin na mota mai gauraye da barasa, kuma ashe jikin Dogo ba ya ɗaukarsa. Ya yi rawaya, ya ƙandare. Na ce dattako ne.

Ranar Lahadin, ina saman daji, ya tsage, ya yi kalamansa na ƙarshe: "ɗis, ɗis, ɗis", a kan gwiwata. Na kashe duk wani abu mai lantarki, har rediyo, na buɗe taga, na danne tsagar da babban yatsa. Minti ashirin da biyu na yi a haka. Hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗaya a kan majinyaci, fetur na bin hannun rigata, idona na ruwa, ina waƙa da ƙarfi don kada kaina ya juya. Na sauka sumul. Duk wanda ya ce jirgin ya yi tsalle sau uku ya zo ya faɗa a gabana.

Gunvald ya shinshina iska tun daga nesa ya ce, "In tiyon nan bai fita ba, Gotland sai dai ki je a jirgin ruwa da 'yan yawon buɗe ido." Ya ɗauko almakashi. Na ce ya bari, ni na sa shi, ni zan cire shi. Na amsa a bainar jama'a cewa laifin nawa ne, ba na marigayin ba, kuma ba zan maimaita ba, don haka wanda bai ji ba ya yi asara.

Dogo ya bar tanki ɗaya, da maɗauri biyu, da wandon da kakata ta hana shi shiga gida. Folke ya kawo ma'aunin lantarki don ya gaje shi, na gode masa na mayar. Magajin toshiyar kwalba ce tsire a jikin waya, tana iyo cikin tanki, kan wayar ya leƙo ta marfi a waje, gaban gilashi, inda ko ɗigo ba zai taɓa ni ba. Gunvald ya jijjiga ta, ya yi tsaki, ya sa hannu jiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas a bayan rumfar jirage, kafin a kai gawar wurin zubar da sinadarai na gari. Akwai gahawa da burodin kirfa. Don Allah kada kowa ya zo da kyandir. Ƙarfe tara zan tashi, wanda ya makara sai ya ɗaga kai sama ya yi mini ta'aziyya.