Yadda Za Ka Yi Suna a Tuƙin Tuwo Ba Ka Taɓa Muciya Ba

Kai maigida, matso kusa. Matarka ta haihu, ta tafi wankan gida kwana arba'in, ta bar ka da murhu kuna kallon juna. Ga kuma ciyayya: kullum bayan magariba kowane magidanci a unguwa zai fito da kwanonsa a ci tare a ƙofar gida. Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin sati biyu za a riƙa nuna ka da baki a kasuwa. Na gwada su a kan ɗalibina Isa, mai garkar tumatir da albasa a bakin tabkin Madarumfa, kuma har yau ana zancensa.

1. Fara da cika baki

Ranar da Zuwaira matar Isa ta tafi gidansu a Gabi, dattawan ciyayya suka ce, "Isa, an ɗauke maka kwano har iyalinka su dawo." Wawa ne zai ce na gode. Isa ya gyara hula ya ce, "Tuwo? Ruwa ne fa da gari. Mata ne kawai suke kambama abin." Yi kamar shi, kuma ka ɗaga murya yadda matan da ke bayan danga za su ji.

2. Gwada sau ɗaya, don ka san matsayinka

Ruwa na tafasa, juye garin dawar gaba ɗaya, kada ka tsaya wata-wata. Za ka samu abin da Isa ya samu: ƙasa ya ƙone, sama ɗanye, tsakiya gudaji kamar tsakuwa. Ya kai wa akuya, ta sansana ta kau da kai. Kada ka ji haushi, akuya ba ta san darajar namiji ba. Haƙa rami bayan rumbu ka binne, ka tattake wurin sosai.

3. Nemo 'yar'uwa mai tausayi

Isa ya yi sa'a, yayarsa Khadija tana aure a gidan da ke jikin nasa, wajen Malam Sadiƙ. Ya leƙa ta saman danga da ƙwaryar tumatir, ido ya yi ja da hayaƙi.

"Yaya, ki rufa mini asiri."

"Af, ba kai ne mai ruwa da gari ba?"

"Yaya, don Allah. Mutuncina ne a hannunki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da yamma sai ga malmala uku da miyar kuka sun tsallako danga. To, a nan gwaninta take. Juye a langar matarka, ka ɗan lotsa malmalar da cokali don ta yi kama da aikin namiji. Cinna wa karan dawa wuta, hayaƙi ya tashi unguwa ta shaida. Shafa gari a gaban riga. In ka yi tari sau biyu a hanya, ya fi.

4. Karɓi yabo da hannu biyu

Malam Sadiƙ ya kai loma daga langar Isa, ya lumshe ido. Ya kai loma daga kwanon gidansa, ya yamutsa fuska, ya ture shi gefe.

"Wallahi jama'a ku ji miya! Shekara goma sha biyar ina cin ta gidana, ban taɓa jin daddawa ta zauna haka ba. Isa, yayarka ta zo ta ɗauki darasi a wurinka."

Tukunya ɗaya ce fa, ludayi ɗaya. Mai ƙaramar zuciya zai yi shiru a nan. Isa kuwa ya gyara zama ya yi musu bayanin sirrin kaɗa kuka, har ya ce matsalar yayarsa gaggawa ce, tun suna yara haka take. Ka tuna, dangar kara ba ta tare magana, amma wannan ba damuwarka ba ce yanzu.

5. In ba a yi maka faɗa ba, ka ɗauka an yafe

Washegari Isa ya je danga yana jiran faɗa. Khadija ta miƙo kwano da murmushi, har da man shanu a kai. Da aka ƙara kwana ta saka busasshen kifi. Kwana talatin da biyar tuwo bai yanke ba, sunan Isa ya kai har tashar mota. Da ya ji ta tana waya da Zuwaira a Gabi tana cewa, "Ai ƙanena ya zama abin alfahari, ki ce wa Innarki ta zo ta gani da idonta," daɗi ya kama shi har ya ƙara mata da albasa. Kai ma ka ji daɗi, haƙƙinka ne.

6. Tarbi baƙi

Ranar dawowa, Zuwaira ta sauka da jaririya a baya, mahaifiyarta ta rako ta da buhun garin dawa sabon niƙa. Malam Sadiƙ ya riga ya sanar da 'yan ciyayya cewa yau Isa zai yi wa surukarsa tuwo, kowa ya zo da yunwarsa. Isa ya zagaya baya, ya leƙa danga, ya yi gyaran murya. Shiru. Ya kira Yaya sau uku. Wata maƙwabciya ta ce ai tun da hantsi ta hau amalanke ta tafi biki Safo, sai jibi.

Ya dawo hannu wofi. Surukar ta sa an shimfiɗa mata tabarma daidai gaban murhu. Ka san suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye, sai ta juya wajen 'yar.

"Zuwaira, ce wa maigidanki kada ya ji kunyata. Ni dai in ga yadda yake talgensa, ko na koya da tsufana."

Isa ya riƙe muciya ta wajen da ake tuƙi da shi. Zufa ta jiƙa masa riga, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya sunkuya wajen matarsa kamar mai duba jaririya, ya yi raɗa, "Zuwaira, don girman Allah, mene ne talge?"

Ita kuwa mace ce mai ladabi, ba ta ɓoye wa uwarta komai. Ta ɗaga murya yadda har na ƙofar gida za su ji.

"Inna, wai ya ce a tambaye ki, mene ne talge?"

Sanarwa

Alkawarin suna na yi maka, ban faɗi wane iri ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙone tukunya, ko yayarsa ta daina amsa gaisuwarsa, ko aka laƙaba masa Malam Talge har a sahun masallaci, shi ya jiyo, babu hannuna. Kada kuma kowa ya zo nemana gida da ƙorafi a kwanakin nan. Tawa matar ta tafi wanka, ni kuma na koma gidan gyatumata da cin abinci.