Ƙosan Inna a Kan Takardar Makina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Malam Lawal ya zo duba ni a aji ba. Lokacin ina koyon aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ke Ƙofar Kibo, shi kuma malaminmu ne daga kwaleji. Makinsa ne hukunci: wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara.

Darasin ranar shi ne manyan sinadarai huɗu da ke jikin duk mai rai: dangin sitaci da sukari, furotin, maiƙo, sai sinadarin gado mai ɗauko kamannin iyaye. Na ƙudura ba zan tsaya ga allo ba, sai ɗalibai sun gani da idonsu. Kwana uku ina gwaji a madafin Inna a Ƙofar Jatau (har ta ce in likitanci nake so, in dai bar mata tuwonta).

Da ya shigo, na ga bai dace dattijo ya takure a bencin ɗalibai ba, sai na ba shi kujerata da teburina a gaban aji.

Na ɗiga aidin, maganin nan na ciwo, a kan tuwon masara, ya rine kamar an tsoma shi a marina, alamar akwai sitaci. Aji ya ɗauki sowa, kaina ya fasu. Na ce saura maiƙo: a goga ƙosai a farar takarda, a ɗaga ta wajen haske, inda mai ya taɓa za a hango bayanta. Ban waiga ba na zaro wata takarda da ke kife a teburin, na murje mata ƙosan Inna da ƙarfina, na ɗaga a taga. Na tambayi ajin me suke gani.

Wata a layin gaba ta ce, "Malama, rubutu ne. Ga sunanki ma a sama."

Malam Lawal ya sauke tabarau. "Gwaji ya yi, Malama. Takardar makinki ce dai ta riga mu gidan gaskiya."

Duk da haka ban bar darasin ba. Da na zo kan sinadarin gado, na ce musu ga misali a gabansu: gaggawar nan wajen Baba na gado ta. Malam ya murmusa, ya ce zai dawo mako mai zuwa da sabuwar takarda.

Ya dawo, na kuma ci. Tun daga ranar, baƙo in ya shigo ajina kujera nake ba shi. Tebur kam nawa ne.